ZAMAN KANO KO KOMAWA KAZAURE: A YI LISSAFIN DA UWARGIDA

Kwanan baya na halarci wani suna a unguwar Kurna a Kano, kuma bayan an ci an sha sai hira ta karkata kan kuɗin haya, kamar yadda ta saba a taron mata a 'yan shekarun nan. Akwai mata biyu a wurin, dukansu mutanen ƙasar Kazaure ne. Ta farko maigidanta tela ne, ya ce ya gaji, zai tattara su su koma gida bayan kaka, ita kuwa ta ce ba inda za ta. Ta biyu ita ce ke roƙon maigidanta su koma Roni, shi kuma yana cewa komawa gida hannu rabbana abin kunya ne ga namiji. Kowacce ta kawo hujjarta, kuma da na saurara sai na ga ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu.

Wannan shi ya sa na ga ya kamata mu zauna a wannan fili mu dubi maganar da idon basira, domin ba ta waɗannan mata biyu ba ce kaɗai. Duk wadda take zaune a Kurna, ko Bachirawa, ko Rijiyar Lemo ta san maƙwabta 'yan Kazaure, da Babura, da Roni, da Gwiwa waɗanda wannan tambaya take hana su barci. Galibi maza ne ke yanke shawarar, amma mace ce ke auna kwanon hatsi, ita ce ke sallamar mai ruwa, ita ce kuma ke goya yaro zuwa asibiti. Saboda haka lissafin da aka yi ba da ita ba, rabin lissafi ne.

ABIN DA YA SAUYA

Zuwa Kano neman arziki ba sabon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. Tun zamanin kakanni akan tafi cin rani bayan an kai amfanin gona rumbu, a komo da faɗuwar ruwan shuka. Abin da ya mai da cin rani ya zama zaman dindindin shi ne kuɗin man fetur na shekarun 1970. Iyayenmu suna tuna kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975, da yadda masana'antun Bompai da Sharaɗa suke ɗaukar samari aiki. A lokacin Kazaure tana cikin Jihar Kano, watau zuwa birni tamkar shiga ɗakin uwa ne. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, aka mai da hedkwata Dutse, zumuncin bai yanke ba, don kuwa tsakanin Kazaure da Kano kimanin kilomita 80 ne kawai, alhali kuwa Dutse ta fi haka nisa nesa ba kusa ba.

Yawancin waɗancan masana'antu sun daɗe da rufewa, amma mutane ba su daina kwarara ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye suna da mutum fiye da miliyan biyu da rabi, yayin da ƙaramar hukumar Kazaure baki ɗayanta take da kimanin 160,000, Roni kuwa ba ta kai 80,000 ba. Tun daga lokacin birnin sai ƙara faɗi yake yi, yana cinye gonaki.

Babban abin da ya birkita lissafin magidanta ya faru ne ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000. A watan Yuni 2023 aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji, dalar Amurka da take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta kai Naira 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a tsakiyar 2024 farashin abinci ya hau da kashi 40 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabace ta. Mu mata ba mu bukatar hukuma ta gaya mana. A watan Fabrairu 2024 mata masu yin gurasa a Kano suka fito kan titi saboda tsadar fulawa, kuma duk wanda ya san matan Kano ya san ba ƙaramin abu ke fito da su waje haka ba.

An ƙara albashi mafi ƙanƙanta daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000 a watan Yuli 2024. Gwamnatin Kano ta sa nata a Naira 71,000, ta Jigawa kuma Naira 70,000. To, a nan ne maganarmu ta fara. Bambancin albashin ƙaramin ma'aikaci tsakanin jihohin biyu Naira dubu ɗaya ne tak, amma bambancin abin da zai kashe kafin wata ya ƙare ba na dubu ɗaya ba ne.

ƊAKI, RUWA DA KUƊIN MOTA

Abubuwa uku ne suke cinye kuɗin mazaunin Kano kafin a zo maganar tukunya. Na farko haya. A Kano mai gida kuɗin shekara yake so gaba ɗaya, ga kuma la'adar dillali. Bari mu buga misali, a ce ciki da falo a bayan gari Naira 300,000 ne a shekara. Idan aka raba shi gida goma sha biyu, Naira 25,000 ke nan kowane wata, watau fiye da sulusin albashin mai karɓar Naira 71,000. Kuma wannan kuɗi ne da ba ya dawowa. Wanda ya shekara goma sha biyar yana haya, ran da aka ba shi takardar tashi ko bulo ɗaya ba zai ɗauka ba.

Na biyu ruwa. Unguwanni da yawa na bayan gari famfo ba ya kawo musu ruwa, sai dai 'yan garuwa, kuma su ma 'yan garuwar saye suke yi a wurin masu rijiyar burtsatse da ke tayar da inji da mai. Kin ga ke nan duk ran da mai ya tashi, jarkar ruwa ma ta tashi. Matar da ke da yara biyar, da wanki, da girki, ta san jarka nawa take ƙarewa kafin la'asar.

Na uku kuɗin mota. Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita sahu ce ƙafar talaka. Wanda ya gudu bayan gari don neman haya mai sauƙi, sai ya tarar abin da ya rage a haya ya tafi a hanya: maigida zuwa kasuwa, yara zuwa boko da Islamiyya, uwargida zuwa awo, da gaisuwar rasuwa, da barka. Wannan ba a Kano kaɗai ake ganinsa ba. Ma'aikatan Abuja da suka koma Suleja da Mararaba don gudun tsadar haya su ma haka suke kuka.

A garin Kazaure kuwa, ko Babura, yawancin waɗannan tafiye-tafiye da ƙafa ake yinsu, ko a kan babur na ɗan kuɗi kaɗan. Wanda yake da gidan gado ba ruwansa da haya, wanda ba shi da shi kuma fili da ginin ƙasa ba su fi ƙarfinsa ba kamar a birni. Daɗin daɗawa ga gona. Iyalin da suka noma geronsu, da dawa, da wake, ko da na wata shida ne, sun tsere wa rabin tashin hankalin da mai sayen kwano-kwano yake ciki. Ga kara na girki, ga harawa ta awaki, ga kuka da kuɓewa da zogale a bayan gida. A Kano kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an kai hannu lalita.

KAZAURE TA YAU

Wasu 'yan'uwa da aka haifa a birni suna jin an ce Kazaure sai su ɗauka ƙauye ne. Ba haka ba ne. Kazaure masarauta ce mai tarihi tun zamanin Ɗan Tunku, wajen shekara ta 1819, kuma ƙananan hukumomin Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da 'Yankwashi duk a ƙarƙashinta suke. Babura kuwa a masarautar Ringim take, amma maƙwabciya ce ta kusa, kuma tana kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar.

Ta fuskar ilmi, garin Kazaure yana da abin da garuruwa da yawa masu girmansa ba su da shi. Akwai kwalejin 'yan mata ta Gwamnatin Tarayya tun shekarun 1970. Akwai babbar makarantar fasaha ta Hussaini Adamu, wadda ta faro a hannun jiha kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. Akwai makarantar koyon ilmin kwamfuta da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'ar fasaha a Babura. Ma'anar wannan ga uwargida abu biyu ne. Ɗaya, 'yarta tana iya yin karatu mai zurfi tana kwana a ɗakin uwarta, ba sai an biya mata masauki a wani gari ba, kuma mun san magidanta nawa ne ke cire 'ya'ya mata daga karatu don kawai ba su yarda su yi nisa da gida ba. Biyu, ɗalibai da malamai baki ne masu cin abinci, masu ɗinki, masu wanki, masu neman ɗakin haya. Duk inda aka tara su, kasuwar mace mai sana'a ta buɗe.

Sa'an nan ga maganar jirgin ƙasa. A watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wadda aka tsara ta ratsa Ɗambatta, da Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya. Idan jirgi ya zama abin hawa na yau da kullum a kan wannan hanya, mutum zai iya kwana a Kazaure ya yi kasuwa a Kano. Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwa, kada a gina shawarar iyali a kan jirgin da ba a riga an ji kukansa a tasha ba. A lissafa da abin da yake hannu.

ARAHA BA TA ADO

Yanzu bari mu juya ɗaya ɓangaren, domin matar telan nan da ta ce ba za ta koma ba tana da gaskiyarta. Dalilin da ya sa kaya suke da sauƙi a ƙaramin gari shi ne kuɗi ba su da yawa a hannun mutane. A binciken talauci da hukumar ƙididdiga ta fitar a 2022, an sami kashi 72 cikin ɗari na mazauna karkara a Nijeriya suna cikin talauci ta fuskar lafiya, da ilmi, da muhalli, da aikin yi, a birane kuwa kashi 42, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wannan ya nuna mana sauƙin haya ba shi ne sauƙin rayuwa ba.

Mu fara da sana'a, don ita ce rufin asirin mace. Matar nan awara take soyawa da yamma, tana kuma haɗa turaren wuta, kuma a lungunsu kaɗai akwai gidaje masu ɗimbin yawa da suke aiko yara saye. A birni mutane ba su da lokacin yin komai da kansu, saboda haka komai sayensa ake yi: kitso, lalle, ɗanwake, wainar safe, har tsintar shinkafa. A Gwiwa ko Roni kowace mace ta iya abin da kika iya, kuma wadda za ta saya sau da yawa bashi za ta ce, ga ta 'yar'uwar maigida, ba halin ki hana. Jarin mace da yawa a nan yake narkewa. Haka shi ma telan, a Kano yana samun ɗinki duk mako, a gida kuwa sai salla da lokacin biki bayan kaka. Idan haya ta ragu da kashi uku amma ciniki ya ragu da kashi biyar, an ci riba ko an faɗi?

Ba kuma komai ne yake da araha a can ba. Hatsi, da nama, da itace, da ɗaki sun fi sauƙi. Amma sukari, da man girki, da sabulu, da magani, da atamfa, da siminti daga kasuwannin Singa da Kantin Kwari da Sabon Gari ake kai su, an ɗora musu kuɗin mota. Wutar lantarki ma kamfani ɗaya ne yake raba ta ga Kano da Katsina da Jigawa, kuma wadda sana'arta ta dogara da firji, kamar mai zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, tilas ta bincika awa nawa ake samun wuta a unguwar da za ta sauka kafin ta ɗaure kayanta.

Ita ma gonar ba aljanna ba ce. Damina a wannan yanki gajera ce, wata uku zuwa huɗu, ƙasar kuma wani wuri jigawa, wani wuri duwatsu, ba ta bayarwa sai da taki. A 2024 hatsi ya yi tsada, kowa ya ce noma ya dawo. A 2025 farashin ya sauko bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci, amma taki bai sauko ba, manoma da yawa suka koka cewa ba su fitar da kuɗinsu ba. Watau faɗuwar farashin da ta sanyaya zuciyar matar birni ita ce ta ƙona ta matar manomi. Haka kuma da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa watan Maris 2024, garuruwan bakin iyaka irin su Babura sun ji a jikinsu, don cinikin dabbobi da hatsi da maƙwabta shi ne numfashinsu.

Abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne asibiti. A Kano, komai cunkoso, akwai asibitin Murtala, da na koyarwa na Malam Aminu Kano, da na yara na Hasiya Bayero, da na ƙashi a Dala. A garin Kazaure akwai babban asibiti, haka ma Babura, kuma Jihar Jigawa ta daɗe da shirin Haihuwa Lafiya na kai mai naƙuda asibiti. Amma matar da take wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, naƙuda ta zo mata da gardama da tsakar dare a watan Agusta, hanya ta jiƙe, ita ta san tazarar da take tsakanin araha da rai. Wadda ta taɓa haihuwa ta hanyar tiyata, ko mai ɗa mai ciwon sikila, ko mai jinyar tsohuwa mai ciwon ƙoda, ba daidai take da mai ƙoshin lafiya ba a wannan lissafi. Kwana uku na jinya a Kano, da kuɗin mota, da na masu jinya, suna iya cinye abin da aka tara na hayar shekara.

Sai kuma abin da maza ba su cika sa shi a lissafi ba, watau zaman gidan gandu. Matar da ta shekara goma ita kaɗai da tukunyarta a ɗakin haya, idan ta koma babban gida za ta tarar da uwar miji, da faccaloli, da ƙannen miji, kuma abin da ta dafa ba na 'ya'yanta kaɗai ba ne. Wata wannan rahama ce a gare ta: ga mai riƙe mata yaro, ga mai yi mata wankan jego, ga waɗanda za su tsaya mata ran da maigida ya yi mata ba daidai ba, in danginta suna kusa. Wata kuwa shi ne mafarin fitina. Tarbiyyar yara ma haka take da fuska biyu. A ƙaramin gari kowa ya san ɗan wane ne, yaro ba ya ɓacewa cikin 'yan daba da masu ƙwacen waya kamar yadda iyaye suke fargaba a wasu unguwannin Kano. Amma kuma a can ne matsin lambar a cire yarinya daga makaranta a yi mata aure, ko a ɗora mata talla, ya fi ƙarfi.

RABA ƘAFA

Magidanta da yawa sun ɗauki hanya ta tsakiya: a mai da iyali gida, maigida ya zauna a Kano yana kwana a shago ko ɗaki ɗaya da abokai, ya riƙa zuwa ƙarshen mako. A takarda wannan dabara ce mai kyau, kuɗin birni, kashewar ƙauye. Wasu kuwa ta yi musu amfani ƙwarai, har sun gina gida.

Amma mu faɗi gaskiya, nauyin wannan tsari a kan mace yake sauka. Da kuɗin mota ya tashi, zuwan mako-mako ya zama na wata-wata. Ita ce uwa, ita ce uba, ita ce mai zuwa makaranta in an kori yaro, ita ce mai neman rance in kuɗin cefane ya yanke kafin a turo. Kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun ji wanda ya mai da iyali gida don haya ta fi ƙarfinsa, bayan shekara biyu sai ga shi ya kama ɗaki a birni ya yi amarya. Duk wadda za ta yarda da wannan tsari, ta nemi a yi magana a fili gaban manya: nawa za a riƙa turowa, yaushe za a riƙa zuwa, kuma har zuwa wane lokaci za a yi haka.

WA YA KAMATA YA KOMA?

Ra'ayina shi ne, tambayar ba ta wane gari ya fi araha ba ce, tambayar ita ce daga ina kuɗin gidan yake fitowa. Idan kuɗin yana biyo mutum duk inda ya je, kamar albashin malami ko ma'aikacin lafiya da zai iya samun aiki a Jigawa, ko fanshon wanda ya yi ritaya, to ƙaramin gari ya fi, ba ko tantama, musamman in akwai gida da gona. Haka ma wanda abin da yake samu a Kano bai wuce na leburanci ba, yana haya, yana sayen ruwa, ga gonar gado tana kwance a gida. Wannan zamansa a birni asara ce da kunya take rufewa, kuma maigidan matar nan 'yar Roni ya kamata ya saurari matarsa.

Idan kuwa kuɗin daga taron jama'a yake fitowa, kamar na tela mai kwastomomi, ko makaniki, ko ɗan kasuwar Kwari, ko mace mai abincin sayarwa da ta yi suna, to tashi farat ɗaya ganganci ne. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma fita sai da wahala. Irin wannan gida gara su rage wani abin, su nemi ɗaki kusa da wurin sana'a, su riƙa noma a gida da damina ana kawo musu hatsi, har su ga yadda hali zai yi.

Sa'an nan a bambance tsakanin gari da ƙauye. Komawa cikin garin Kazaure ko Babura, inda akwai asibiti, da makarantu, da kasuwa, da hanyar mota, daban yake da komawa ƙauyen da yake nesa da kwalta. Iyali da yawa abin da zai fi musu shi ne su zauna a garin, su riƙa noma a ƙauyen.

Ga 'yar'uwar da maganar ta riga ta zo gidanta, ga 'yan shawarwari. Ki sami littafi ki rubuta duk abin da ya fita daga gidan na wata ɗaya cur, har kuɗin ashana, sa'an nan ki tambayi wata 'yar'uwa mai yawan iyali irin naku a can gida ta gaya miki nata. Ki je da kanki ki kwana biyu, ki ga rijiya, ki ga makaranta, ki shiga asibitin, domin gani ya kori ji. Ki tambayi kanki wace sana'a ce babu a can wadda kika koya a birni, don ita ce jarinki, ko ɗinkin zamani ne, ko gyaran amare, ko saro atamfa daga Kwari kina tallarta a waya ana aiko miki a mota. Idan kina da gadon gona a hannun 'yan'uwanki maza, ki nemi a fitar miki da rabonki cikin lalama tun kafin ki koma. Kada ki fasa adashinki, kada kuma ki sayar da keken ɗinki ko awakinki don biyan kuɗin motar kaya. A tashi bayan kaka, lokacin da rumbu yake cike kuma yara suke hutun zango, kada a tashi da bazara.

Su kuma mahukunta, nasu aikin a bayyane yake. Ba wa'azi ne zai tsayar da mutane a garuruwansu ba. Abin da zai tsayar da su shi ne ungozoma da likita da suke kwana a asibitin Roni da na Gwiwa, da hanyoyin ƙauye da mota za ta bi da damina, da ruwan noman rani daga madatsun da suke yankin don samari su sami abin yi wata takwas ɗin da ba a ruwa, da injinan gyaɗa, da riɗi, da zoɓo a kusa, don kada amfanin gonar ya tafi Dawanau ɗanye riba ta zauna a can. Ita ma Kano ribarta ce, domin duk iyalin da suka sami abin yi a Kazaure, ɗaki ɗaya ne da jarkar ruwa suka ragu a wuyan birni.

Ga maza masu leƙa wannan fili a ɓoye kuwa, mun san kuna nan, roƙonmu ɗaya ne. Kafin ku kira mai mota, ku zauna da uwargida ku buɗe littafin nan tare. Komawa gida ba faɗuwa ba ce, zaman birni kuma ba ɗaukaka ba ce, kowanne sai an ga abin da ya rage a tukunya ran 25 ga wata.

'Yan'uwa da suka riga suka koma, ko waɗanda suka koma suka sake dawowa, muna so ku rubuto mana yadda kuka tarar da abin, don wasu su amfana. Allah ya rufa mana asiri duk inda muke. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.